Wayar Hannu a Matsayin Ɗan Aike: Wa Ya Ba Da Izini?

Gabatarwa

Masana kimiyyar halittu sun kasa zaman tare tsakanin halittu gida uku. Akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, irin na ƙudan zuma da fure. Akwai zaman da ɗaya ke amfana ba tare da ɗayan ya yi asara ba, kamar balbela da ke bin shanu tana tsintar ƙwarin da suka tayar. Na uku shi ne zaman kauci, wanda ke maƙale wa reshe yana zuƙe ruwan bishiya. Wannan rabe-rabe zai taimaka wa ɗalibi ya auna wani aiki da miliyoyin wayoyi ke yi a kullum ba da sanin masu su ba, wato isar da labarin inda kayan wasu mutane suke.

Yadda Abin Yake Aiki

A shekarar 2019 kamfanin Apple na Amurka ya ƙaddamar da tsarin Find My mai gano na'urar da ta ɓace ko da ba ta kan intanet. A watan Afrilu na 2021 ya fito da AirTag, wani ɗan faifai da ya ɗan fi kwabo girma, wanda ake rataya wa makulli ko jaka. Google ma ya buɗe irin wannan tsari ga wayoyin Android a watan Afrilu na 2024.

Wannan faifai ba shi da layin waya, ba ya kuma hulɗa da tauraron ɗan'adam, shi ya sa batirinsa kan kai kimanin shekara guda. Aikinsa kawai shi ne ya riƙa yin shela ta Bluetooth, yana watsa wata lambar sirri mai sauyawa lokaci-lokaci. Duk wayar da ke cikin tsarin idan ta gifta ta ji shelar, sai ta duba inda take, ta kulle bayanin da wannan lamba, ta aika wa kamfanin ta hanyar intanet ɗinta. Mai faifan kaɗai ke da mabuɗin karanta saƙon. Ke nan wayar mai wucewa ita ce ɗan aike, kuma idan babu Wi-Fi, da datarsa ake biyan kuɗin aiken.

Nauyin da Ke Kan Ɗan Aike

Kamfanonin sun ce abin da ake ci bai taka kara ya karya ba. Binciken da masana na Jami'ar Fasaha ta Damstat da ke Jamus suka yi a 2021 ya nuna cewa rahoto guda bai kai girman saƙon tes ɗaya ba. Ga mai datar da ba ta da iyaka, wannan zaman balbela da saniya ne. Amma wanda ke sayen megabait ƙalilan yana lissafin kowane ɗaya yana da haƙƙin ya san duk abin da ke fita daga wayarsa, domin da yayyafi kogi kan cika.

Abubuwa biyu da suka faru a 2021 sun ƙara fito da matsalar. A watan Mayu wani mai bincike a Balin, Fabiyan Biroinlain, ya nuna cewa ana iya ɓad da kamar wata na'ura ta zama tamkar faifan da ya ɓace, a tura saƙo na daban ta wayoyin masu wucewa, kimanin baiti 3 a daƙiƙa. A watan Yuni kuma kamfanin Amazon ya kunna tsarin Sidewalk a Amurka, wanda ke gutsurar intanet ɗin gidaje har zuwa megabait 500 a wata domin amfanin na'urorin maƙwabta. An shigar da masu na'urorin kai tsaye, wanda ba ya so shi zai nemi wurin kashewa.

Shiru Ba Izini Ba Ne

Bahaushe na cewa shiru ma magana ce, amma dokokin kare bayanai ba su ɗauki shiru a matsayin amincewa ba. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, duk sun tanadi cewa izini sai an ba da shi da son rai, bayan an fahimci abin da ake nema. A tsarin Apple kuwa, waya kan shiga aikin aike ne tun lokacin da mai ita ya kunna Find My. Hujjar kamfanin ita ce cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: wanda ya isar da saƙon wani, za a isar da nasa ranar da tasa wayar ta ɓace. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai musaya ba ta cika adalci ba idan ɓangare ɗaya bai san an ƙulla ta ba.

Mutum na Uku

Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mutumin da aka jefa wa faifan a jaka ko a mota. Shi ba mai faifai ba ne, ba kuma ɗan aike ba ne, amma sawunsa ake bi, kuma wayoyin bayin Allah da ba su san hawa ba balle sauka su ne ke kai rahotonsa. A watan Disamba na 2022 wasu mata biyu sun kai Apple ƙara a kotun tarayya da ke San Faransisko, suna cewa da AirTag tsofaffin abokan zamansu suka riƙa bibiyarsu. A nan zaman ya koma na kauci tsantsa.

An ɗauki matakan gyara. Faifan da ya daɗe da rabuwa da mai shi yakan yi ƙara. A watan Mayu na 2024 Apple da Google suka fara amfani da ƙa'ida guda, yadda waya za ta gargaɗi mai ita idan baƙon faifai yana tafiya tare da shi. Google kuma ya fara tsarinsa da sharaɗin haɗa rahoton wayoyi da dama kafin a nuna wurin abu, don kada waya ɗaya ta tona inda gidan mai ita yake. Duk da haka, wanda ke riƙe da ƙaramar waya marar intanet ba zai sami wannan gargaɗi ba.

Kammalawa

Tsarin yana da amfani, kuma an kulle saƙonninsa da kyau. Amma ƙanƙantar abin da aka ɗauka ba ta ɗauke wajibcin tambayar mai shi. Ya kamata mai waya ya shiga saitinta ya duba ko tana cikin wannan aiki, ya zaɓi zama ko fita da saninsa, ya kuma lura cewa wanda ya fita zai iya rasa taimakon tsarin ranar da tasa ta ɓace.

Tambayoyi Don Nazari

1. A cikin nau'o'in zaman tare guda uku, wanne ya fi dacewa da mai faifai, wanne da ɗan aike, wanne da wanda ake bin sawunsa?

2. Idan gida ya ba da megabait 500 a wata, kashi nawa cikin ɗari ke nan na datar gigabait 5?

3. Mene ne bambanci tsakanin a nemi izinin mutum kafin a shigar da shi, da a shigar da shi sannan a ba shi damar fita?