Gulbi Ɗaya, Hukumomi da Yawa: Gayya da Adashi a Matsayin Tafarkin Haɗin Gwiwa a Yankin Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda alhakin ruwa ya rarrabu tsakanin hukumomi a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun na Jihar Zamfara. Ta nuna cewa rarrabuwar tana ƙara tsadar ruwa, kuma tsarin gayya da adashi na Bahaushe yana ɗauke da ƙa'idojin da haɗin gwiwar hukumomin ke bukata.

1.0 Gabatarwa

An kammala Madatsar Ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, a hannun kamfanin Impresit na ƙasar Italiya. An tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da hekta 23,000 na noman rani. Ba a yi aikin cikin ruwan sanyi ba. A watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a Birnin Tudu, aka yi hasarar rayuka da dama. Binciken W. M. Adams na shekarun 1980 ya nuna cewa raguwar ambaliya a ƙasan madatsar ta sa manoman fadama da yawa barin shinkafa, suka koma gero da dawa. Tun farko ke nan, shawarar da aka yanke a wuri guda takan faɗa kan mutanen wani wuri.

2.0 Masu Hannu a Kan Ruwan

Madatsar da manyan hanyoyin ruwanta suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1973. Ruwan famfo na birane aikin hukumar ruwa ta jiha ne. Rijiyoyi da burtsatse na karkara kuwa sun rataya a wuyan hukumar ruwan karkara da ƙananan hukumomi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, madatsar ta faɗo cikin sabuwar jiha, alhali gulbin bai fasa gangarawa Jihar Sakkwato ba. Kowace hukuma da nata kasafi da ma'aikata da shugaban da take yi wa bayani, amma tushen ruwan ɗaya ne.

3.0 Inda Tsada Take

Shi kansa ruwan kyauta ne daga Allah. Abin da ke cin kuɗi shi ne ɗaga shi da tace shi da kai shi ga mai bukata: lantarki ko man dizal, alam da kulorin, kayan gyaran injuna, da yashe laka da ciyawa daga magudanai. Bakolori ta ba da darasi a nan. Kaso mafi girma na filin, wato hekta 15,000, an tsara shi ne a kan ban ruwa na feshi da ya dogara da injunan turo ruwa. Da wuta da kayan gyara suka gagara, wannan sashe ya durƙushe, sashen da ruwa ke gangarawa da kansa ya ci gaba da aiki.

Haka lamarin yake ga ruwan sha. Gari kamar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, ba zai iya riƙe injiniya da ɗakin gwajin ruwa da rumbun kayan gyara shi kaɗai ba. Idan ƙananan hukumomin uku suka haɗa ayarin masu gyara ɗaya, suka sayi magani da kayan gyara a sari, kuɗin kowace burtsatse zai sauka, kwanakin da take yi a lalace su ragu. Matsalar tsaro da ta addabi yankin ta ƙara wa wannan hujja ƙarfi, domin fitar ayari ɗaya da rakiya ta fi sauƙi a kan fitar ayari uku.

4.0 Gayya da Adashi

Gayya tana tafiya ne bisa juyi: yau gonar wane, gobe ta wane. Adashi kuma yana tsaye a kan zubi sananne, da kwasa bi da bi, da uwar adashi da kowa ya amince da ita. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a Bakolori ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, sun yi kama da wannan tsari: manoma su tara kuɗin ruwa, su yashe ƙananan magudanai, hukuma ta kula da madatsa da manyan hanyoyi. Abin da ya rage shi ne wannan tsari ya hau sama, ya shiga tsakanin hukumomin kansu. Akwai abin koyi a gida: a 2006 jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kogunan Haɗejiya da Jama'are da Komadugu-Yobe.

5.0 Kammalawa

Adashi yakan watse ne idan wani ya kwasa ya daina zubi, ko uwar adashi ta ci amana. Don haka maƙalar ta ba da shawarar abubuwa uku: rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace zubin kowace hukuma, jadawalin sakin ruwa da na gyara da za a sanar da Hausa a masallatai da kasuwanni, da kujeru ga wakilan manoma da sarakunan gargajiya a kwamitin da ke riƙe da asusun. Abin da ya faru a Birnin Tudu ya isa shaida cewa duk tsarin ruwan da aka yi ba da masu ƙasa ba, tsadarsa takan wuce ta kuɗi.