Ƙananan Abubuwan Da Matafiyi Kan Manta Da Su

Idan Allah ya nufi mutum da tafiya ƙasar waje, ko don aikin Hajji, ko neman ilmi, ko fatauci, hankalinsa yakan tattaru ne a kan fasfo da biza da tikitin jirgi. Da ya same su sai ya shiga cika akwati da tufafi da tsaraba. Alhali kuwa sau da yawa abin da ke tsai da matafiyi a filin jirgin sama, ko ya jefa shi cikin wahala a baƙuwar ƙasa, ɗan abu ne wanda zai shiga aljihun riga. Shirin zaune, in ji Hausawa, ya fi na tsaye.

Takardu

Na farko shi ne katin allurar rigakafin shawara, watau katin nan mai ruwan ɗorawa. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya bari sai jajibirin tafiya ya makara. Tun daga shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsai da cewa allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa, don haka kada a yar da tsohon kati. Mahajjata kuma lalle ne su riƙe shaidar allurar sanƙarau, gama Saudiyya ta wajabta ta.

Ya kamata matafiyi ya yi kwafin shafin fasfonsa mai ɗauke da hoto, da na biza, ya haɗa da ƙananan hotuna, ya ajiye su dabam da inda fasfon yake. Idan fasfo ya ɓace, waɗannan ne za su sauƙaƙa wa ofishin jakadancin Nijeriya tabbatar da ko wane ne shi, kafin a ba shi takardar gaggawa ta komawa gida. Haka kuma ya rubuta adireshin masauki da lambar mai tarbarsa a takarda, ya sa biro a aljihu. Ma'aikatan shige da fice sukan tambayi inda baƙo zai sauka, waya kuwa tana iya mutuwa a daidai wannan lokaci.

Magani

Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da zai ishe shi har ya dawo, da ɗan ƙari saboda jinkirin jirgi. Ya bar shi cikin kwalinsa na asali, ya sa a jakar hannu, domin akwati yakan yi ɓatan kai. Abin da aka fi mantawa shi ne wasiƙar likita mai bayyana sunan maganin da dalilin shansa. Magunguna irin su tiramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani a Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma wanda aka same shi da su ba tare da takarda ba yana iya ƙarewa a kurkuku. Mai sa tabarau ya tafi da na biyu.

Kayan Lantarki

Soket ɗin ƙasashe ba iri ɗaya ba ne. Fulogi mai ƙafa uku da aka saba da shi a Nijeriya yana shiga a Ingila, amma a Faransa da Jamus ramuka biyu ne masu zagaye. A Amurka ƙafafun masu faɗi ne, ƙarfin wutar kuma kusan rabin na Nijeriya ne, watau 120 a maimakon 230. Ƙaramar adafta da ake samu a kasuwa ita ce maganin bambancin ramuka, amma ba ta sauya ƙarfin wuta, sai a duba abin da aka rubuta a jikin caja. Batirin ajiyar caji kuwa a jakar hannu ake sa shi. Dokar jiragen sama ta hana sa shi cikin akwatin da za a loda, saboda yana iya kama wuta.

Tsarki Da Sutura

Yawancin makewayi a Turai da Amurka takarda kawai ake ajiyewa. Ƙaramar butar roba da siririyar darduma ba su da nauyi, amma wanda ya rasa su zai san amfaninsu. A shiga da butar babu ruwa, domin a yawancin filayen jirgi ba a barin ruwa ko turare ko mai ya wuce mililita 100 a kowace kwalba cikin jakar hannu. Rigar sanyi da safa su ma su kasance a kusa. Sanyin Landan a watan Janairu ya wuce na hunturu nesa, a Afirka ta Kudu kuwa daga Yuni zuwa Agusta ne ake sanyi.

Kwaɗo Da Alama

A kulle kowane akwati da kwaɗo, a rubuta suna a ciki da waje, a kuma adana ɗan tikitin kayan da aka bayar wurin awo, domin da shi ake neman akwatin da ya ɓace. Kwaɗon yana hana wani ya cusa abin da mai akwati bai sani ba. Saboda wannan dalili kada a karɓi saƙon da ba a buɗe an gani ba, ko daga hannun wa ya fito. A Saudiyya hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa, kuma wanda sunansa ke jikin kaya shi za a tuhuma. Wurin da goro da kilishi za su ci a bar wa waɗannan abubuwa, gama Saudiyya ta hana shiga da goro, Ingila da Amurka kuma sun hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama.

Hanya mafi sauƙi ita ce matafiyi ya rubuta duk waɗannan a takarda mako biyu kafin tashi, yana soke kowanne sa'ad da ya shiga jaka. Allurar rigakafi da wasiƙar likita su za a fara nema, domin su ne ba a samu a rana ɗaya.