Na'urar Gano Ƙarfe: Zurfin Nawa Take Iya Kaiwa a Ƙasa?

A TikTok da Facebook ana yawan ganin tallar na'urar gano ƙarfe, mai tallar yana cewa tana hango abin da ke binne a zurfin mita 10, wani ma ya ce 30. Kafin matashi ya tura kuɗin da ya daɗe yana tarawa, yana da kyau ya san gaskiyar lissafin. Na'urar hannu irin wadda aka fi sayarwa tana jin abu mai girman kwabo ne a zurfin santimita 20 zuwa 30. Kan mashi ko ruwan gatari zai ɗan wuce haka. Babban abu kamar tukunyar ƙarfe kan kai kusan mita ɗaya idan ƙasar ba ta da matsala.

Dalilin yana cikin yadda take aiki. Faifan nan da ake shafawa a kan ƙasa, waya ce aka nannaɗe a cikinsa. Batir yana tura wuta cikin wayar, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai shiga ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, wata 'yar wuta takan motsa a jikin ƙarfen, shi ma ya maido da nasa siginal, na'urar ta ji ta yi ƙara. Wato tafiya biyu ce, zuwa da dawowa, kuma a kowacce ƙarfin yana raguwa da sauri. Ga ƙaramin abu da ya yi nisa da faifai, idan zurfin ya ninka biyu, siginal ɗin da ke dawowa yana raguwa kusan sau 64. Shi ya sa ƙara ƙarfin batir ko ƙara kuɗin na'ura ba ya ƙara zurfi yadda mutum zai zata.

Abin da ke ƙara zurfi shi ne girman abin da aka binne da girman faifan. Babban faifai ya fi kaiwa ƙasa, amma ƙananan abubuwa sukan kuɓuce masa.

Sai kuma ƙasar kanta, kuma a nan ne mai na'ura a Arewa yake shan wahala. Jar ƙasa da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe, saboda haka na'urar tana jin ƙasar gaba ɗaya kamar ƙarfe, ta yi ta kuka babu dalili. Irin na'urar da ake kira VLF, wadda ita ce ta cika kasuwa, tana da saiti mai suna Ground Balance da ke koya mata ta yi watsi da amon ƙasar, amma duk da haka zurfin yana raguwa. Irin da ake kira PI ta fi jure wannan ƙasa, sai dai ta fi tsada, kuma ba ta ƙware wajen bambanta ƙusa da abu mai daraja ba. Akwai wani tarko kuma: na'urori da yawa suna da saitin tsallake baƙin ƙarfe don kada mutum ya ɓata lokaci kan ƙusoshi. Wanda tsohon ƙarfe yake nema, idan bai kashe wannan saitin ba, zai taka abin da yake nema ya wuce na'urar tana shiru.

Manhajojin waya da ke kiran kansu na'urar gano ƙarfe wani abu ne daban. Ba sa tura komai cikin ƙasa. Suna karanta ɗan ma'aunin maganaɗisu ne da ke cikin wayar, wanda kamfas ke amfani da shi. Lambar da ke kan allo takan tashi idan an kusanta wayar da baƙin ƙarfe da 'yan santimitoci. Za ta iya nuna inda rodi yake kusa da fuskar bango. Zinariya, tagulla da alminiyam kuwa ba ta san da su ba.

Masu cewa sandarsu mai eriya tana nuna dukiya daga nesa, irinsu sun taɓa zuwa kotu. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar da ADE 651, na'urar gano bam ta bogi da Iraƙi ta saya da miliyoyin daloli, alhali babu abin da ke aiki a cikinta.

Tsohon ƙarfe yana nan a ƙasarmu. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narka tama na mutanen Nok da suka haura shekara 2,000. Sai dai dokar Najeriya ta 1979 ta hana haƙar kayan tarihi ba tare da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ba, kuma wanda ya tsinci irinsu ita zai sanar. A yankunan da aka yi rikici kamar Borno da Yobe, ƙarar na'ura tana iya zama harsashi ko bam da bai tashi ba, kuma na'urar ba za ta bambanta shi da tsohuwar fartanya ba. Irin wannan ba a tona shi, jami'an tsaro ake kira.