Darasi: In Gilashin Ƙofar Mota Ya Ƙi Motsi

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen farashin bijimai, mu duba wata 'yar matsala da muke rainawa, wato gilashin ƙofar mota irin wanda ake danna maɓalli ya hau ko ya sauka.

Ga dalili. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, da yawanmu mazauna Hajj Yusuf mun fita mun bar motoci a gida. Bayan da sojan gwamnati suka karɓe yankin Gabashin Nilu a watan Maris 2025, wanda Allah ya sa ya tarar da tasa, ya tarar ta sha ƙurar habub ta shekara biyu, ɓera kuma ya yi wasa da wayoyi. Tsohuwar Land Cruiser ɗinmu na cikinsu. Muka sa batir, inji ya tashi, muka ce an gama. Ranar da muka fara nufar kasuwar shanu ta Muwailih, yamma da Omdurman, sai mai tsaron wani shinge ya yi alama a sauke gilashi. Direba ya danna, shiru. Ya kai hannu zai buɗe ƙofa, mutumin ya ja da baya ya gyara riƙon bindiga. Allah ya kiyaye. Duk mai bin hanyar kan iyaka da kuɗin shanu a jikka ya san abin da wannan ke nufi.

To, kafin a kira mai wayarin, a fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, don yawancin motoci ba sa ba gilashi wuta sai da haka. Sannan a duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba. Sau da yawa gwiwar hannu ce ta danne shi, sauran ƙofofi uku su mutu, na direba kaɗai ke aiki. Mun ga wanda ya biya kuɗin gyara a kan wannan, ba za mu faɗi sunansa ba.

Tambaya ta biyu: duka gilasan ne suka tsaya ko guda ɗaya? In duka ne, laifin na tushen wuta ne, wato fiyus ko rilen da ke ba su wuta. A motocin Toyota akan rubuta POWER a murfin akwatin fiyus, kuma galibi mai lamba 30 ne. A canza shi da irinsa daidai. Kada a kuskura a cusa waya ko takardar azurfar sigari a gurbinsa. Fiyus ba ya ƙonewa banza. In sabon ma ya ƙone, akwai wayar da ta fere tana taɓa ƙarfe, kuma wanda ya ɗaure gurbin da waya, wutar za ta nemi wani wuri ta ci, watakila cikin ƙofa.

In guda ɗaya ne, a nan kunne da ido ke aiki. A kashe rediyo, a kunna fitilar rufi, a danna maɓallin ana kallonta. In haskenta ya ɗan rage, wuta na isa ɗan injin da ke cikin ƙofa, amma ya kasa juyawa: ko gilashin ya cije a hanyarsa, ko injin ya maƙale. In hasken bai motsa ba kuma ba a ji komai ba, mai yiwuwa wutar ce ba ta isa, sai a tuhumi maɓalli ko waya. A gwada daga maɓallin direba, a kuma gwada daga na ƙofar kanta, don wutar ƙofofin fasinja ta wajen direba take biyowa. A leƙa kuma cikin robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofa da jikin mota. Buɗewa da rufewa na shekaru kan karya wayoyi a nan, can ne ma muka sami tamu. In kuwa ana jin injin na juyawa, ko yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, gilashi bai motsa ba, to igiyar ƙarfe ko haƙoran abin da ke ɗaga shi sun lalace. Wannan sai an buɗe ƙofa.

Akwai dabarar kan hanya ga injin da ya maƙale. Mutum ɗaya ya riƙe maɓalli a sama, wani ya bugi bangon ƙofar ta ciki da tafin hannu, ko ya kama gilashin tsakanin tafukansa biyu ya taya shi hawa. Sau da yawa 'yan gawayin da ke cikin injin ne suka cinye, girgizar kan sa su taɓa. In ya hau, a bar shi a sama har a isa gari. Kada a yi ta dannawa, injin na da abin da ke yanke masa wuta in ya yi zafi. A ba shi 'yan mintoci.

A ƙasarmu ƙura ce uwar matsala. A goge robar da gilashi ke bi da tsumma mai ɗanshi, a fesa mata man silikon. Bakin mai da giris kuwa suna tara yashi, suna kuma ɓata robar.

Wanda zai buɗe ƙofa da kansa, ya cire kan batir kafin ya sa hannu ciki. Wasu tsofaffin motoci ƙarfensu kamar almakashi yake, da sifirin mai ƙarfi, yana iya datse yatsa. In kayan gyara ba su samu ba, a ɗaga gilashin da hannu, a tokare shi da katako daga ciki. Direba kuma, in ya doshi shinge da gilashi a haka, ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa biyu a kan sitiyari, ya bar na kusa da shi ya sauke nasa ya yi bayani, kada ya taɓa ƙofa sai an ce ya buɗe.