Mai Ɗauke da Tuta: A Tona Shi ko a Rufa Masa Asiri?

Wasiƙar farko da muka zaro daga jaka yau ta wani matashi ce daga Zariya, ma'abocin wasannin harbe-harbe na kwamfuta. Kukansa shi ne, da zarar ya sato tutar abokan hamayya sai wasan ya ɗora masa alama a ka, kowa ya yo kansa. Yana tambaya, wai wannan ba zalunci ba ne?

To ɗan'uwa, sannu da fama. Bari in fara yi wa iyayenmu da ke saurare bayani. Ɓangare biyu ne, kowanne da tutarsa a sansaninsa. Ka kutsa ka ɗauko ta wancan ɓangaren, ka kai gida, ka ci maki. Sai dai a wasu wasannin ba a ba ka makin sai tutarku tana mazauninta. A nan gizo ke saƙar. In kowane ɓangare ya sace ta ɗan'uwansa, babu kuma abin da ke nuna ɓarawon, sai kowa ya nemi lungu ya laɓe. Harbi ya tsaya, an koma wasan ɓuya har lokaci ya ƙare.

Shi ya sa ake tona ka. Rigimar dai ita ce yadda za a tona.

A Team Fortress 2, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2007, jakar takardu ce a madadin tuta. Kana gudu da ita a baya takardu na zubowa, ga kibiya a ƙasan allo tana nuna wa masu binka sashen da ka nufa. Ko Spy, mai layar zanan wasan, ba ya iya ɓacewa muddin yana riƙe da jakar. An nuna sawunka ke nan, amma sai an yi farautarka.

Halo 4 na 2012 kuwa bai yi maka da sauƙi ba. Alama na bisa kanka duk inda ka shiga, ba ka da ikon ajiye tutar, sai 'yar ƙaramar bindiga da aka ba ka ta rarrashi. In irin wannan ka gamu da shi, wallahi ban ga laifin kukanka ba.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da tsarin Halo Infinite na 2021. Ka tafi a sannu, asirinka a rufe. Ka zuba da gudu, nan take a nuna wa abokan hamayya inda kake. Zaɓi na hannunka, kuma kowace kwana sai ka sake shawara.

Saboda haka ɗan'uwa, duba dokar wasan naka tukuna, kuma kada ka ƙara zuwa ɗauko tuta kai kaɗai. Nemi mutum biyu su raka ka. Sai wasiƙa ta gaba.