Kafin Mu Canza Batirin Fitilar Caji, Mu Karanta Jikinsa

 Darasinmu na wannan fitowa a kan batiri ne.

Da yawanmu a nan Sakkwato da fitilar caji ko tocila muke bitar karatu idan an ɗauke wuta. In batirin ya mutu, sai mu shiga kasuwa mu sayo duk wanda ya shiga ramin. A nan haɗarin yake, domin kama da wane ba ta wane: batiri biyu kan zo girma ɗaya, amma cikinsu daban.

Ga ire-iren da muka fi gani, da ƙarfin da ake rubutawa a jikinsu kusa da harafin V:

Batirin rediyo na yau da kullum, 1.5V. Ba a yi masa caji. In aka tilasta shi, yakan tsiyayar da ruwa mai cin ƙarfe, ko ya fashe.

NiCd da NiMH, 1.2V kowanne. Su ne a wayar gida marar igiya da wasu tociloli. Tun da ƙarfinsu ɗaya ne, sau da yawa NiMH kan maye gurbin NiCd. Amma tsohuwar caja mai saurin caji da aka ƙera don NiCd ba lalle ta gane NiMH ya cika ba, sai ya yi ta ɗaukar zafi har ya lalace.

Batirin darma, 4V ko 6V. Shi ne mai nauyin nan da ke cikin manyan fitilun caji da fanka.

Li-ion, 3.7V. Akwai samfurinsa mai lamba 14500 wanda girmansa daidai da AA, alhali ƙarfinsa ya ninka na NiMH sau uku. In aka sa shi a gurbin AA zai iya ƙona na'urar. In aka haɗa shi da cajar da ba tasa ba zai iya kamawa da wuta.

Don haka mu kiyaye:

1. Mu tafi da tsohon batirin wurin mai shago, mu gwada iri da lambar V. Lambar mAh kuwa daɗewar caji take nunawa, ba laifi in ta ɗan ƙaru.
2. Kada mu gauraya sabo da tsoho, ko iri biyu.
3. Mu duba alamar + da − kafin mu rufe.
4. A watan Afrilu da Mayu zafin garinmu kan haura digiri 40, shi kuwa Li-ion ba a so a yi masa caji a zafin da ya wuce 45. Mu yi caji a inuwa, ba kan katifa ba.
5. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi. Kada a jefa shi a wuta ko a bar wa ƙannenmu, domin darma da sinadarin da ke cikin NiCd guba ne.

Jarrabawa na tafe. Kowa ya duba fitilarsa tun yau, abin da ya shige masa duhu ya tambayi malamin kimiyya.