Filin Jirgin Sama Da Dabbobi: Abin Da Ya Kamata Hakimai Su Sani

Zuwa ga Hakimai da malamansu na ƙasar Danko, Masarautar Zuru.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, amma har yau dabba da tsuntsu na ba matuƙa wahala. A 2005 wani jirgin Faransa ya afka wa garken shanu yana cikin sauka a Fatakwal. A 2009 kuwa dinyoyin daji suka shige injin wani jirgi a Amurka, tilas matuƙi ya saukar da shi cikin kogi.

Doka mai lamba 86 ta 1992 ta ce kafin a gina babban filin jirgi lalle ne a bincika abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa da namun daji, a kuma baje rahoton jama'a su duba.

Babban filin Jiharmu yana Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. To, in wata rana aka nemi fili a ƙasarku, sai Hakimi ya sa malaminsa ya rubuta wa masu bincike waɗannan:

1. Burtali da mashayar dabbobi.
2. Fadamun da balbela da shamuwa ke taruwa.
3. Mahauta da juji, gama su ke kiran ungulu da shirwa.
4. Gonakin dawa da gero inda jan-baki ke sauka.

Kada a ɓoye kome don ɗokin a sami filin. Burtalin da aka manta a takarda, shanu ba za su manta da shi ba.